Tafarnuwar da Na Aika Garagumsa

Jiya ma wasu samari biyu sun tsaya a ƙofar gidana a kan moto, wato babur. Na bayan ya miƙo mini waya, yana nuna mini hoton wani ƙaton kare mai kunnuwa a tsaye. Wai irinsa za su sayo, mace da namiji, su riƙa sayar da ƴaƴan. Na tambaye su me za su ba shi ya ci. Mai tuƙin ya yi dariya ya ce, "Haba Baba Laminu, kare ne fa. Abin da aka rage a gida." Na ce su sauko su zauna. Suka ce suna sauri. To, abin da na so in gaya musu shi zan rubuta a nan, ko Allah zai sa ya kai gare su. Ban wuce aji shida a lakwal, makarantar boko, ba, a yi haƙuri da rubutun.

Sana'ata kiwon karnukan gadi. Ina renon su tun suna jarirai, in sun kai in kai su gidajen mutane, da magazan ƴan kasuwa a unguwar Zango ta nan Damagaram inda suke ajiye kaya, da garake, wato lambuna, a bayan gari. Bayan haka ina zagayawa a kan keke ina duba su. Na haura shekara talatin ina wannan. Abin da aka rage a gida, wanda yaron nan ya faɗa yana dariya, shi ya fara kashe mini karnuka. Abin da ya fi wannan muni kuwa, na kusa kashe karen Iya Gaji, matar ubangidana, tsohuwar da ba ta da mai tsare mata awaki sai shi. Ita ba ragowar abinci na aika mata ba. Magani na aika mata, da hannuna na ƙulle shi.

Aikin farko da ubangidana Baba Gambo ya ba ni shi ne cire kaska. Mafarauci ne, a wani ƙauye cikin ƙasar Garagumsa, kuma duk yankin an san irin karnukansa, dogaye masu siririn ciki. Ya danne wani jan kare da gwiwa, ya miƙo mini matsefata da gwangwani mai ɗan kananzir a ciki. Ya ce in bi tsakanin yatsu, in bi cikin kunne, in bi ƙarƙashin wutsiya. Kaska ba a fizgar ta, ana kama ta daf da fata a jawo a hankali, in ba haka ba kanta ya tsaya a ciki ya zama ƙurji. Na cire ashirin da wani abu, na ce na gama. Ya shafa wuyan karen sau ɗaya, ya nuna mini huɗu. Wata uku ina wannan kafin ya bar ni in zuba musu abinci.

A wurinsa na koyi cewa ba a zuwa wa kare ta baya, ba a kallon idonsa yana ci, kuma kowane kare da kaskonsa. A wurinsa kuma na koyi maganin tafarnuwa. In kare ya yi kasala, ko tari, ko ana zaton tsutsar ciki, sai ya daka ƙwaya uku ko huɗu ya dama da nono ya ba shi. Na sha ganin ya ba, na sha ganin kare ya tashi bayan kwana biyu. Wanda bai tashi ba, sai a ce kwanansa ya ƙare. Ban taɓa tambaya ba. Wa zai tambayi tafarnuwa? Mu kanmu ita muke sha in sanyi ya kama mu.

Kayan aikina duk a buhu ɗaya suke, ɗaure a bayan keke. Takunkumi biyu, babba da ƙarami, don kare mai ciwo ba ya sanin mai shi. Sarƙa, matsefata, sabulu, tsumma, da buta tawa ta kaina, don ba kowane gida ke son in taɓa tasu ba. Rigar aiki daban, rigar salla daban cikin leda, ƙulli biyu. In na fita daga gida na rufe wa kare ƙofa, nakan kai bakin hanya in juyo in sake taɓa sakatar. Masu gadi suna yi mini dariya a kan wannan. Su yi. Kare ɗaya ya fita ya ciji ɗan mutane, ba su za a kira wurin ƴan sanda ba.

Akwai wani Alhaji a Zango da ya sa na kawo masa kare don magazansa. Ya tsaya can nesa, ya tattare babbar rigarsa, yana nuna karen da ƙafa. Ya ce, "Ina son mai zafi, wanda ɓarawo zai ji muryarsa daga unguwar Birni. Amma kada ya yi haushi in ina da baƙi." Na ce, "Alhaji, sai dai ka riƙa ba shi sunayen baƙin tun da safe." Yawancin masu karnukana haka suke. Suna son gadin, ba sa son karen. Ba mai kusantarsa balle ya buɗe bakinsa, kuma ban ga laifinsu ba, kowa yana kiyaye tsarkinsa. Sai dai lafiyar kare a cikin bakinsa ake ganinta. Ni kaina da nake taɓa su kullum, haƙora kawai nake dubawa. Ban san dasashi yana da magana ba sai a shekarar da zan ba ku labari.

Shekarar nan albasa ta yi arha har ana barin buhuna suna ruɓewa a bakin tasha, gero kuwa ya yi tsadar da ba na iya tuƙa wa karnuka tuwo kullum. Ina da tara a gida a lokacin. Wata mai abinci kusa da tasha ta ce in riƙa zuwa da bokiti bayan azahar ina kwashe gindin tukwane. Na gode mata, har yau ina gode mata, ba ta nufe ni da komai ba sai alheri. Shinkafa da wake ne yawanci, da man da aka soya albasa a ciki, da miyar da albasar ta fi ruwan yawa, tunda abin ya zama kamar kyauta. Kullum in na kawo bokitin sai in zauna in baza abincin a faranti, in bi shi da yatsa ina tsince ƙashin kaza da ƙayar kifi, don kada su maƙale wa wani a wuya. Rabin awa nake yi a kan wannan. Ƙashi ko ɗaya bai wuce ni ba. Albasar kuwa ina ture ta gefe da yatsa in nemi ƙashi a ƙarƙashinta, in mayar da ita.

Ƙaramin cikinsu ya fara kwantawa. Ya ƙi abinci, yana haki alhali yana cikin inuwa, kuma inda ya yi fitsari yashin ya yi ja kamar an zubar da soɓorodo. Na daka tafarnuwa na ba shi. Washegari ya ƙara lalacewa, na ƙara masa. Kwana uku ya mutu. Na biyu ya kwanta, na uku ya bi. Na ce annoba ce ta shigo gari. Na raba su, na ƙone buhunan da suke kwanciya a kai, na wanke kasake da toka, na kuma shiga ba kowa tafarnuwa safe da yamma, mai ciwo da mai lafiya, tunda riga-kafi ya fi magani.

A cikin kwanakin ne na tuna da Iya Gaji. Baba Gambo ya rasu shekara huɗu kafin nan, ƴaƴansu mata duk suna aure nesa. Abin da ya rage mata awaki goma sha ɗaya, su ne cinta, su ne suturarta, da kare ɗaya mai suna Ƙyale-su da ke bin su kiwo yana kwana a bakin garkensu saboda dila. Na ce in annobar nan ta kai ƙauye ta ɗauke shi, tsohuwar nan ta shiga uku. Na sayi tafarnuwa rabin tiya, na ƙulle a tsumma, na ba wani direban motar Takieta, garin da ke kusa da su, da ya san ƙauyen. Na maimaita masa saƙon sau uku har ya gaji da ni: a ba Ƙyale-su safe da yamma, kada a fasa ko sau ɗaya.

Sai da na binne na shida sannan na kai ta bakwai ma'aikatar kiwo. Za ku ce me ya hana ni tun farko. Wurin nan na shanu ne da raƙuma da tumaki. Mutum ya shigo da karya a cikin buhu a bayan keke, makiyaya suna ja da baya suna toshe hanci, ba abu ne mai sauƙi ba. Likitan da na samu, Isufu sunansa, bai ja da baya ba. Ya sa safar hannu, ya durƙusa, ya ɗaga leɓenta na sama. Dasashin fari fat, kamar cikin sabuwar ƙwarya. Ya danna shi da yatsa ya saki, bai canza ba. Ya sunkuya ya shinshina bakinta, ya ɗago.

"Malam Laminu, wannan karya ce ko tukunyar miya? Me kake ba ta?"

"Tafarnuwa, likita. Safe da yamma. Ban taɓa fasawa ba."

"Da ka fasa," in ji shi. "Abincinta fa?"

Na gaya masa zancen bokiti. Ya zauna a kan dugadugansa. Sannan ya ce ba annoba ba ce. Albasa da tafarnuwa, da mu suke abinci da magani, a jikin kare jini suke fasawa. Jan da nake gani a yashi jininsu ne da ya lalace yake fita. Albasar ta kwantar da su, tafarnuwar da ta fi ta ƙarfi ta ƙarasa su.

Na ce, "Amma ubangidana shekara arba'in yana ba su, suna tashi."

Ya ce, "Babban kare, ƙwaya uku, sau ɗaya, yakan ɗauka ya wuce, da ma zai tashi ko ba a ba shi ba. Waɗanda ba su tashi ba fa, me ya ce ya kashe su?"

Ina lissafin kwanaki a raina. Ranar ta cika kwana goma sha ɗaya da na ba direban nan ƙulli.

Kafin in ci gaba, ga abin da likitan ya gaya mini a tsaye a ranar, wanda nake bi har yau, kuma shi ne ainihin abin da na so samarin nan su ji. In kare ya ci abinci mai albasa ko tafarnuwa, abu na farko ka ɗauke sauran daga gabansa. Na biyu ka san me ya ci, yawansa, da yaushe. Ɗanya da dafaffiya da soyayya duk ɗaya ne, wuta ba ta kashe dafin. Busasshiya ma, irin gabu, busasshen ganyen albasa, da garin tafarnuwa da ake zubawa a yaji, ita ta fi, don kaɗan ɗinta mai yawa ce. In bai wuce awa ɗaya ko biyu da ci ba, ka ɗauke shi ka kai wa likitan dabbobi, yana da abin da zai sa shi ya amayar. Kada ka ɗura masa ruwan gishiri ko manja da kanka, na ga wanda ya shaƙe karensa a haka. Nono ma ba ya karya wannan dafin, ko da an gaya maka yana yi.

Abin da ke yaudarar mutane shi ne kare yakan ci yau, gobe ka gan shi yana wasa, ka ce ya tsira. Bai tsira ba tukuna. Sai kwana biyu, uku, har biyar abin ke fitowa. A kwanakin nan kullum safe ka sa leda a hannu ka ɗaga leɓensa. Dasashin mai lafiya ja-ja ne, in ka danna ya yi fari ka saki ya dawo nan take. In ya ɗashe, ko ya yi rawaya, ko fitsari ya yi ja, ko yana haki a kwance, ko ya tashi yana tangaɗi, kada ka jira gobe. Kafin ka kai shi, ka ajiye shi a inuwa, ruwa mai kyau a gabansa, kada ya yi gudu ko taku goma. Jininsa ya ragu, zuciyarsa na aikin biyu. Mu nan ba a ƙara wa kare jini. Ruwa ake ƙara masa, a jira jikinsa ya sake wani.

Na bar karyar a hannun likita da ƙarin ruwa a ƙafarta. Ya rubuta mini takarda zuwa ga abokin aikinsa na Takieta. Na biya gida na gaya wa maiɗakina ta zubar da bokitin, ta dama wa biyun da suka rage kunun dusa zalla. Ita ba ta taɓa kare, da sanda take tura musu kasko, amma ba ta taɓa barin su da yunwa ba. Na tafi tasha. Iya Gaji ba ta da waya. Na kira mai butik ɗin ƙauyen, wato mai kanti, ya fi sau ashirin, babu rezo, waya ba ta shiga. Mota kuwa ta ƙi cika. Ina zaune a ciki ina kiran duk wanda na taɓa ce wa ya ba karensa tafarnuwa, ɗaya bayan ɗaya, ina warware maganata da bakina. Wani ya ce, "To wanne za mu ɗauka, na jiya ko na yau?" Na ce na yau.

Mota ta ajiye ni a Takieta, da la'asar ɗan kabu-kabu ya sauke ni a ƙofar gidan Iya Gaji. Na tarar da awakin ɗaure a turaku tun rana ba ta faɗi ba, suna kuka, abin da ban taɓa gani a gidan ba. Iya Gaji ta fito tana murna.

"Lale da ɗan birni! Saƙonka ya iso. Ko sau ɗaya ban tsallake ba. Da na ga ya fara ƙin ci har gabu nake barbaɗa masa a tuwo don ya ji ƙamshi. Amma cutar nan taku ta birni ta riga maganin, ɗan nan. Kwana uku bai fita ba. Shekaranjiya dila ya ɗauke mini ɗan baƙar akuya da rana ido na gani."

Ƙyale-su yana ƙarƙashin rumbu. Ya gan ni ya buga wutsiya a ƙasa sau biyu, bai tashi ba. Na ɗaga leɓensa. Bai kai na karyata fari ba, amma ya kama hanya. Na wanke hannu, na zauna a ƙasa a gabanta, na gaya mata duka, daga bokiti har likita.

Ta ce, "Wato kai ka fi Malam sanin kare." Ba ta kiran sunan mijinta, Malam take ce masa.

"Ban fi shi ba, Iya. Ni ma abin da ya koya mini na yi, na binne shida."

"Likitan shanu ya gaya maka magana, ka zo ka tsaya a gidansa kana cewa guba yake ba karnukansa."

"Bai sani ba, Iya. Ni ma ban sani ba."

Ta daɗe tana kallon katangar karan da ta raba gidanta da na maƙwabcinta. Sannan ta tambaye ni, in kare ya sha da yawa, fitsarinsa ja yake yi? Na ce ja. Ta ce yana haki a kwance? Na ce yana yi. Ta ce, "Innalillahi." Sai ta ba ni labarin da ban sani ba, don ya faru bayan na koma birni. Wata damina tari ya kama karnukan Baba Gambo, ya yi ta ba su tafarnuwa, uku suka mutu da jan fitsari. Ya ce guba ce, kuma maƙwabcinsa Illa ne ya sa, don sun taɓa yin faɗa a kan kare ya kori kajin Illa. Ya kai shi gaban mai gari. Illa ya rantse, Baba Gambo bai yarda ba. Tun ranar ba su ƙara gaisawa ba. Da ya rasu, Illa ya zo ya yi masa salla a sahun baya, ya juya gida bai shigo gaisuwa ba.

Na ce, "Iya, wannan sai daga baya. Yanzu karen nan Takieta za a kai shi, yau."

Na fita na sami ɗan kabu-kabun bai tafi ba, yana shan ruwa a butik. Ya ce, "Ni in ɗauki kare? Gobe wa zai hau motona?" Ko ya yarda ma, karen ba zai jure girgizar ba. Sai sharet, keken jaki. Na zagaya ƙauyen, ranar kasuwar wani gari ce, duk sharet sun tafi. Saura ɗaya, tana jingine a ƙofar gidan Illa.

Na dawo na ce mata ni zan je in roƙe shi. Ta ce, "Ba gidanku ne ya kai shi gaban mai gari ba." Ta ɗauki mayafinta. Taku talatin ne tsakanin ƙofofin biyu, ta yi su a hankali kamar mai tafiya wani gari.

Baba Illa yana zaune a zaure yana tufka igiya, tsoho ne siriri mai ido ɗaya da ya yi fari. Ya amsa sallama bai ɗago ba. Da ya ɗago ya ga ko wace ce, sai ya ajiye igiyar.

"Gaji? Wa ya mutu?"

"Ba wanda ya mutu. Sharet nake so. Karena za a kai Takieta."

"Kare." Ya dube ni. "Kai ne sarkin karnukan birnin? Ba ta gaya maka ba? Nan gidan mai kashe karnuka ne. Ka ɗora shi a sharet ɗina ya mutu a hanya, gobe mu koma gaban mai gari."

"Laminu, faɗa masa," in ji ta. "Kada ka rage."

Na faɗa masa. Ban rage ba. Sau na uku ke nan a yini ɗaya ina ba da labarin, bakina har ya bushe. Da na gama ya ɗauki igiyar ya sake ajiyewa.

"Tafarnuwa," in ji shi.

"Ita, Baba."

"Ta miya."

"Ita."

"Shekara ashirin ana nuna ni da baki a masallaci. Jikokina ba sa bi ta ƙofarku, zagayawa suke yi ta bayan rijiya. Saboda tafarnuwa." Ya juya wurin Iya Gaji. "Ke kuma kin san ban yi ba."

"Ban sani ba, Illa. Yau na sani, yau na zo."

Ina jin kukan awakin ta bayan katanga, ina kallon rana tana sauka, ban isa in ce a yi sauri ba. Can ya dafa bango ya miƙe.

"Kai, sarkin karnuka, ka iya ɗaura wa jaki sharet, ko shi ma tafarnuwa za ka ba shi?"

Shi ya tuƙa da kansa. Na shimfiɗa buhu, na kwantar da Ƙyale-su, na tsare masa rana da rigar aikina, ina jiƙa masa harshe da ruwan buta. Duk ramin da muka faɗa sai in sa hannu a ƙirjinsa in ji ko yana nan. Can a hanya Baba Illa ya waiwayo ya ce, "Irin jan nan ne. Kakansa ne ya cinye mini zakara." Mun isa Takieta ana kiran magariba. Likitan can ya karanta takardar, ya duba dasashin, ya sa masa ƙarin ruwa da allura. Ya ce mun zo a bakin gaɓa. Ya ce in ya kwana uku bai ƙara ɗashewa ba, zai tashi, amma wata guda ba kiwo, ba gudu, ba bin dila.

Kwanakin da suka biyo baya a hanya na yi su, yau Damagaram, gobe Takieta, jibi ƙauye. Karyata ta tashi. Cikin biyun da ke gida ɗaya ya tashi, ɗaya ya bi ƴan uwansa. Da tara na shiga shekarar, da biyu na fita, kuma sai da na shekara uku kafin in sake samun abin kai wa mutane. Ƙyale-su ya kwana ukun. Na mayar da shi gida, na nuna wa Iya Gaji abincinsa: tuwo kafin a zuba miya, dafaffen ƙwai in kaza ta yi, ƴar hanta ranar kasuwa, ba yaji, ba gabu. Na faɗa mata sau uku, ta ce in na sake faɗa za ta jefe ni da muciya.

Saura maganar awaki, don wata guda dila ba zai jira ba. Ina ta juya abin a raina a mota, ko in kawo mata karyata, ita ma ba ta da ƙarfin. Da na koma bayan mako guda sai na tarar turakun babu komai. Iya Gaji ta nuna katanga da haɓa. Baba Illa ya zo da safe, bai yi shawara da kowa ba, ya kwance su ya haɗa da nasa a garkensa mai shingen ƙaya, suna fita kiwo tare suna dawowa tare.

Zuwana na ƙarshe a watan, ban sami Ƙyale-su a ƙarƙashin rumbu ba. Da ƙafafunsa suka ɗauke shi, ya lallaɓa ya bi awakinsa. Na same shi kwance a bakin garken Baba Illa, ya rame, haƙarƙarinsa duk a waje, amma ya tashi ya tare ni. Na ɗaga leɓensa, jan ya dawo. A gabansa akwai kasko da guntun tuwo fari. Na durƙusa na shinshina tuwon, na juya shi da tsinke, na sake shinshinawa.

Baba Illa yana kallona daga zaure. Ya ce, "Duba da kyau, ɗan birni. Duba ƙarƙashi ma."

Na ce, "Ba haka ba ne, Baba, sabo ne."

"Na sani. In ka gama, ka biya maƙabarta wurin ubangidanka. Ka gaya masa karensa kwana tara yana cin tuwon gidana, bai mutu ba."

Na biya. Na cire takalmi, na tsaya a kansa, na yi masa addu'a mai tsawo. Saƙon ne ban iya isarwa ba.